Rage Kaya a Ɗaki: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Buɗe Akwati

A watan Janairun 2019 shagunan da ke karɓar kayan sadaka a Amurka suka ga ana ta sauke musu buhunan tufafi fiye da yadda suka saba gani. Musabbabin abin wani shiri ne da Netflix ya fara nunawa ranar ɗaya ga watan, inda wata 'yar Japan, Marie Kondo, take shiga gidajen mutane ta sa su kwaso duk suturar da suka mallaka su jibge wuri guda. Daga nan sai su riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tambayar zuciyarsa: wannan tana faranta mini rai? Wadda ta faranta a ninke a ajiye, wadda ba ta faranta ba a yi mata godiya a sallame ta. Littafinta a kan wannan hanya ya fito a Japan tun 2011, aka juya shi zuwa Turanci a 2014, ya kuma sayu miliyoyi.

Ita Kondo takan ce ba rage kaya ne damuwarta ba, zaɓen abin da ake so ne. Amma duniya ta jera ta da masu salon rayuwar nan da Turawa ke kira minimalizim, wato mutum ya taƙaita abin da ya mallaka zuwa abin da yake mora da gaske, ya rabu da sauran, ya kuma daina tara sababbi. Salon yana da malamai iri-iri. Tun a shekarun 1970 wata mai kantin tufafi a Landan, Susie Faux, ta riƙa nuna wa mata su mallaki 'yan sutura kaɗan masu nagarta waɗanda kowace za ta shiga da 'yar'uwarta. A 2010 wata Ba'amurkiya, Courtney Carver, ta fito da tsarin abu 33 na wata uku: riguna da takalma da jakunkuna da kayan ado duka su tashi 33, sauran a rufe a kwali. Kayan barci da na ciki da na motsa jiki ba sa cikin lissafi. Wani kuma, Ryan Nicodemus, ya tattara komai na gidansa ya zuba a kwalaye kamar mai shirin tashi, ya riƙa ciro abin da ya buƙata kawai. Bayan kwana 21, in ji shi, kusan kashi 80 cikin 100 na kayan suna nan a rufe bai taɓa su ba.

Dukkansu daga ƙasashen da kaya suka yi wa yawa suka fito. Rahoton da Gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa tufafin da ake ɗinkawa a duniya sun ninka tsakanin 2000 da 2015, har sun haura biliyan 100 a shekara, alhali yawan sa riga kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin 100. A lissafin rahoton, kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona tufafin da za su cika motar shara guda. A Los Angeles kuma, masu bincike na jami'ar UCLA sun shiga gidajen iyalai 32 suna ɗaukar hoto suna ƙirga abin da ke ciki, suka tarar uku cikin huɗu na garejin gidajen babu wurin ajiye mota saboda tarkace. Wani ɓangare na binciken, wanda aka buga a 2010, ya gano cewa matan da suka siffanta gidajensu da cunkoso da aikin da ba ya ƙarewa, sinadarin damuwa a jikinsu ba ya sauka yadda ya kamata in rana ta yi yamma. Wannan bai tabbatar da cewa kayan ne suka jawo damuwar ba, amma duk matar da ta taɓa neman ɗankwali guda cikin akwati huɗu ana yi mata hon a ƙofar gida ba za ta yi mamakin sakamakon ba.

To, mu ina ruwanmu? Tambayar tana kan hanya. Mai riga uku ba ya neman wanda zai koya masa rage kaya, kuma akwai rainin hankali a ce wa wanda bai samu ba ya rage. Hatta ƙa'idar da masu wannan salo ke yawan faɗa, cewa ka rabu da abu in ka buƙace shi ka sayi wani, ƙa'idar mai kuɗi ce. Talaka yana ajiye tsohon galan da guntun waya da tukunyar da hannunta ya cire ne saboda ya san ranarsu tana zuwa, kuma yana da gaskiya. Wanda maganar ta shafa shi ne na tsakiya: ma'aikaci, ɗan kasuwa, malamar makaranta, amaryar da aka kai ɗaki da falo na haya da kayan da za su cika ɗaki huɗu. Waɗannan suna da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi da Zinder, kuma matsalarsu ta gaske ce, sai dai ƙofar da kaya ke shigo musu daban take da ta Bature.

Bature yawanci shi kaɗai yake zama ya danna waya ya sayi rigar da ba ya buƙata. Mu kuwa zumunci ne yake kawo mana kaya. Lefe ya zo da saitin akwati. Iyaye su yi kayan ɗaki, su haɗa da jere. A haihu, a kawo kayan barka da na fitar suna. Kowane biki da ankonsa, wani bikin ma anko biyu ko uku, na kamu daban, na walima daban. Sallah biyu a shekara, kowace da ɗinkinta. Alhaji ya dawo da tsarabar jallabiya da darduma da carbi. A je biki a dawo da roba da kofi da littafin rubutu masu hoton ango da amarya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum ya zauna ya ce yana buƙata, kuma kowanne yana da fuskar wani a jikinsa, shi ya sa fitar da shi yake da nauyi.

A buɗe babban akwatin matar da ta yi shekara bakwai da aure a gani. Warin kafur ne zai fara tarbar mutum. A sama ga leshin ranar kamu, duwatsunsa sun fara zubewa, zif ɗin ya yi tsatsa ya bar tabo. Ƙarƙashinsa riga da siket da aka ɗinka kafin haihuwar fari, yanzu ko kafaɗa ba su wucewa. Sai ankon ƙawaye da na dangin miji, kowanne an sa shi sau ɗaya an ɗauki hoto, wajen ninkin ya yi layi ya koɗe. Can ƙasa kuma turame uku na atamfa a cikin ledarsu, takardar kamfani na manne ba a ɓare ba. Abin da take sawa kullum ba ya cikin akwatin ma: dogayen riguna huɗu ko biyar ne da hijabai uku a rataye a bayan ƙofa. Maigida shi ma bai tsira ba. Ga babbar rigar da aka yi wa bugu aka ninke tun ɗaurin auren ƙaninsa, ga huluna jere a kan sif sun sha ƙura, ga shaddar da tela ya ɓata wa wuya, ya kasa sawa ya kuma kasa bayarwa.

Wannan kasa bayarwar ba rowa ba ce kawai, masana sun auna ta. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka buga a 1990, an raba wa rabin ɗaliban aji kofunan shayi kyauta, aka bar rabin ba su samu ba, sannan aka buɗe ciniki. Waɗanda aka ba kofi sai suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ɗaya ne, bai yi awa guda a hannunsu ba, amma da ya zama nasu sai ya ƙara daraja a idonsu. Ina ga rigar da ta shekara bakwai, wadda kuma gwaggo ce ta kawo? Akwai kuma ciwon kuɗin da aka kashe. Mutum yana ganin in ya bayar da shaddar ya yi asarar kuɗinta, alhali kuɗin sun tafi tun ranar da ya biya. Ajiye ta ba ya dawo da ko kobo.

Amma akwai wurin da dole a yi hattara da nasihar Turawa, kuma a ganina nan ne mafi muhimmanci. Ba duk abin da ke cikin akwatin Bahaushiya ne tarkace ba, wani jari ne. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta yi bincike kan aure a Maraɗi ta buga littafi a 1997, ta nuna yadda kayan ɗaki suke zaman dukiyar mace ta kanta da kuma shaidar yawan mutanenta. Kowa ya san haka a aikace: in rashin lafiya ya zo, ko kuɗin makaranta, ko aure ya mutu, turmin nan da sarƙar nan da saitin tukwanen nan su ne ake miƙa wa dillaliya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kuma farashin yadin waje ya bi ta. Matar da ta ajiye turmin atamfa mai kyau ta fi wadda ta ajiye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa. Da ta bi tambayar nan ta ko yana faranta mata rai ta bayar da shi, da ta yi wauta.

Saboda haka rabon farko da za a yi shi ne tsakanin abin da aka ɗinka da wanda ba a ɗinka ba. Turmi yadi shida a ledarsa yana riƙe darajarsa, wani lokacin ya ƙara. Ranar da almakashin tela ya shige shi, darajar ta faɗi, domin an yanka shi daidai jikin mutum ɗaya da yayin shekara ɗaya. Daga wannan rana hanya ɗaya ce ta cin moriyarsa, a sa shi. Ɗinkakkiyar rigar da ba a sawa kullum raguwa take yi: yayi ya wuce ta, jiki ya canza, asu da danshin damina su gama da ita. Haka abin yake a jere. Tukunyar ƙarfe mai nauyi da gwal suna da kasuwa ko bayan shekara goma. Robobin rabon biki da kular da murfinta ya fashe ba su da ita. Wanda ya gane wannan bambanci ya riga ya yi rabin aikin. Har ila yau ya gano cewa ba dole ba ne a ɗinke duk lefe a shekarar farko.

Sauran aikin na hannu ne. Abu ɗaya da Kondo ta yi daidai shi ne a bi kaya iri-iri, ba ɗaki-ɗaki ba, kuma a tara irin guda duka wuri ɗaya. Muddin riguna suna warwatse, wasu a sif, wasu a akwati, wasu a bakko a ƙarƙashin gado, wasu a gidan mama, mutum ba zai taɓa sanin yawansu ba. A shimfiɗa tabarma a zube su duka. Ganin tsibin kaɗai yakan kashe sha'awar zuwa Kantin Kwari na wata da watanni. A fara da tufafi, a bar kayan tunawa da mamata da hotuna zuwa ƙarshe, lokacin da hannu ya saba da yanke hukunci. Tambayar da ta fi dacewa da mu, a nawa ganin, ita ce: na sa wannan daga waccan babbar sallah zuwa wannan? Shekara guda ta ƙunshi sanyin hunturu da zafin bazara da damina da azumi da bukukuwa. Rigar da duk waɗannan suka wuce ba a neme ta ba, da wuya a neme ta baɗi. Wanda ake kokwanto a kansa a zuba a bakko, a ɗaure, a rubuta kwanan wata a jiki. In wata shida suka wuce ba a kwance ba, kar a sake buɗewa a zauna zaɓe, a miƙa shi yadda yake.

Nawa ya kamata a bari? Lambar 33 ba wahayi ba ce. Abin da ke yanke yawan kayan mutum shi ne wankinsa da aikinsa. Wanda ake yi wa wanki sau ɗaya a mako yana buƙatar abin da zai kai shi mako da ɗan rara, saboda ranar da ruwa ya hana shanya ko wuta ta hana guga. A ƙara na Juma'a da na fita taro biyu ko uku, da rigar sanyi, da na aikin ƙarfi ga mai yin sa. Mai shayarwa da mai ƙananan yara lissafinsu daban ne, haka wanda ke unguwar da ruwa ke wahala. Maza a nan sun samu sauƙi, domin kaftani da wando da hula tsari ne da ba ya tsufa. In mutum ya tsaya kan launuka kaɗan, fari da ruwan toka da shuɗi da ruwan ƙasa, hula huɗu ko biyar za su shiga da komai. Barack Obama ya taɓa faɗa a 2012 cewa kwat shuɗi ko ruwan toka kawai yake sawa don ya rage abin da zai yanke wa shawara da safe. Dattawanmu masu farar shadda kullum sun daɗe a kan haka ba tare da an buga su a jarida ba.

Akwai lissafin da ke taimakawa wajen saye: a raba kuɗin riga da yawan sawar da za a yi mata. A ce shadda da ɗinki sun ci naira 60,000, aka sa ta sau 60 cikin shekara biyu, kowace sawa ta tashi 1,000. A ce anko ya ci 25,000, aka sa shi sau biyu, kowace sawa ta tashi 12,500. Wanda aka ɗauka shi ne mai sauƙi ya ninka mai tsadar fiye da sau goma. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado, sai dai a ƙara da cewa mai tsadar ma in ba a sawa asara ce.

Daga nan sai maganar inda kayan za su, kuma a nan mun fi Turawa hanya. Su in sun kai kaya shagon sadaka, ba duka ake sayarwa a can ba. Mai yawa ana matse shi a dila a turo ƙasashe irin namu, shi ne gwanjon da ake fasawa a Ƙofar Wambai, duk da cewa a takarda Nijeriya ta hana shigo da shi. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akra a Gana, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a shara, a magudanan ruwa da bakin teku. Ƙungiyar masu shigo da gwanjo ta ƙasar ta musanta wannan adadi, ta ce ya yi yawa, amma tsibin tsummokaran da ke gaɓar tekun ba a ɓoye yake ba. Wato sauƙin da wani ya samu a ɗakinsa a Landan, wani ne ya ɗauki nauyinsa a Akra. Mu kuwa mun san wanda zai sa rigar da sunansa: ƙanwa, 'yar aiki, almajirin da ke ɗebo ruwa, dangi na ƙauye, waɗanda gobara ko ambaliya ta raba da komai, 'yan gudun hijira. Kwance al'ada ce mai kyau, kuma ba ta bi ta teku.

Sai dai a yi ta da mutunci. A wanke, a goge, a gyara maɓalli kafin a bayar. Abin da ya yage ya koɗe har kai ba za ka iya fita da shi ba, tsumma ne, a yi goge-goge da shi, kar a ɗora wa wani aikin zubarwa da sunan sadaka. A kuma bayar da wuri, tun rigar tana da sauran yayi da ƙarfi. Ajiye ta shekara biyar sannan a bayar, an hana ta amfani ne a lokacin da take da shi. Masu daraja a ba dillaliya ko a sayar ta waya, ba abin kunya ba ne. Wasu kuma tela ne maganinsu: zanen uwa yana fitar da riga biyu ta yarinya, babbar rigar da ba a sawa tana komawa kaftani. Ƙarafa da tsofaffin na'urori na 'yan gwangwan ne.

Duk wannan fitarwar banza ce in ƙofar shigowa tana buɗe. Kamar kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Wani masanin Faransa, Denis Diderot, ya rubuta a 1769 yadda aka ba shi kyautar sabuwar rigar zaman gida ja mai kyau, sai ya ga tsofaffin kayan ɗakinsa ba su dace da ita ba. Ya canza kujera, ya canza tebur, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har aljihunsa ya ji jiki. Duk wadda ta taɓa sayen leshi ta san zancen: sai gyalen da zai shiga, sai takalmi da jaka mahaɗinsa, sai sarƙa. Abu ɗaya ake saye, biyar suke shigowa. Maganin da aka fi sani shi ne in ɗaya ya shigo ɗaya ya fita, da kuma jinkirta saye: abin da aka gani a waya cikin dare a bar shi ya yi mako, in har yanzu ana so sannan a yi magana.

Anko shi ne mai wuyar, domin ƙin sa ana ɗaukarsa ƙin mutum. Ban ga amfanin a ce wa mutane su daina ba, ba za su daina ba, kuma yana da daɗinsa. Abin da ke yiwuwa shi ne a taƙaita shi ga na kusa sosai, a faɗa wa sauran tun da wuri cikin fara'a cewa za a zo amma ba za a samu yin anko ba, a kai gudummawa. Sau da yawa rabin kuɗin ankon a hannun uwar amarya ya fi mata amfani. In kuma dole ne, a yi ɗinkin da za a iya sawa bayan biki, doguwar riga mai sauƙi, maimakon wanda sai a filin taro. Masu fitar da anko su ma suna da abin yi: su faɗi launi kawai, kowa ya duba akwatinsa. Dangin da suka gwada haka hotunansu ba su yi muni ba.

Sauran kayan gida hanyarsu ɗaya ce da ta tufafi, sai wurare biyu. Magungunan da wa'adinsu ya ƙare da ragowar na wani ciwo da ya wuce a fitar da su yau, kar a ba kowa. Takardu kuwa akasin haka: na fili da na gida, shaidar haihuwa, takardun makaranta, rasit na manyan kaya, yarjejeniyar bashi, waɗannan ba a rage su. A haɗa su a jaka guda da ruwa ba ya shiga, a ɗauki hotonsu a waya. Kuma kowa ya tsaya kan nasa. Kayan ɗakin mace mallakinta ne, miji ba shi da ikon ya wayi gari ya karanta wani abu a intanet ya fara fitar mata da kwanuka. Haka kayan kishiya, da na tsohuwa, balle na marayu.

Wani zai ce ai duk wannan zuhudu ne da ƙana'a, mun san su tun kafin Japan. Akwai kama, amma niyya ta bambanta. Mai zuhudu yana rage duniya ne don lahira. Mai wannan salo yana neman sarari a ɗaki da kwanciyar hankali da ragowar kuɗi a aljihu, waɗanda ba laifi ba ne. Abin dariyar shi ne salon da kansa ya zama kasuwa: ana sayar da akwatunan jera kaya da fararen kujeru masu tsada da sunan sauƙaƙa rayuwa, har ita Kondo ta buɗe kantin sayar da kayan gida a intanet a 2019. Wanda aka ce ya sayi sabon abu don ya rage kaya, ya riƙe aljihunsa.

Akwai wani reshe na maganar da ya shafi dattawa. Wata tsohuwa 'yar Suwidin, Margareta Magnusson, ta fitar da littafi a 2017 kan al'adar mutanensu ta mutum ya tsara kayansa da kansa in shekaru sun ja, don kar ya bar wa 'ya'yansa aikin. A wurinmu abin ya fi haka nauyi, domin da zarar mutum ya rasu komai nasa ya zama gado, har hula da buta da darduma, sai an ƙiyasta an raba. Gidaje nawa ne ake kulle ɗakin mamaci shekara da shekaru ana jiran wani ya dawo daga tafiya ko a sasanta rigima, a buɗe a tarar gara ta cinye rigunan da littattafan? Wanda ya rarraba abin da ba ya amfani da shi da ransa da lafiyarsa ya ga farin cikin wanda ya ba, sai dai ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Ya kuma san hukuncin: wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji ita, kuma kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. A mazhabar Malikiyya, in mutum ya ce ya ba wane abu amma wanen bai karɓa ya riƙe ba har mai kyautar ya rasu, kyautar ta ɓaci, abin ya koma cikin gado. Don haka Hajiya in ta ce sarƙar nan ta jikarta ce, kar ta mayar da ita akwati ta kulle. Ta kira mutum biyu su shaida, ta miƙa ta ga yarinyar, ko ga waliyyinta in ƙarama ce.